Tambaya da amsa: wace GPS mai sauƙin kuɗi zan saya wa jirgin ruwana?

Assalamu alaikum jama'a. Wannan makon filin na mutanen ruwa ne, na tattaro saƙonnin da suka shafi GPS wuri guda, wasu na gajarta su saboda fili, a yi haƙuri.

TAMBAYA, daga wani ɗan uwa a Bur Sudan: Salam Malam. Ni Bahaushe ne haifaffen nan, kakanninmu hanyar hajji ce ta kawo su suka zauna. Ina da ƙaramin jirgi na katako da na gada wajen mahaifina, ba inji, filafilai ne iska ke tura mu, mu uku muke fita su tsakanin Bur Sudan da Sawakin wani lokacin har mu kwana biyu a ruwa. Baba Allah ya jiƙansa da ido da taurari yake tafiya ni kuma gaskiya ban kama ƙafarsa ba, ga duwatsun murjani ko ta ina. Naje shago mai shagon ya nuna min wata na'ura mai sikirin kamar ƙaramar talabijin yace ita ake sawa a jirgi, kuɗinta ya kusa kai kuɗin gyaran jirgin gaba ɗaya. Wani abokina kuma yace wayata ma ta isa. Dan Allah wanne zan bi, kuɗin hannuna kaɗan ne.

AMSA: Wa alaikassalam ɗan uwa, Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Kar ka sayi mai kama da talabijin ɗin nan yanzu. Abokinka ya fi mai shago kusa da gaskiya, sai dai shima bai ƙarasa maka zancen ba.

Kaga taurarin ɗan adam ɗin da wayarka ke saurara, su ne dai na'urar mai shago ke saurara, su ne kuma katon jirgin dakon kaya da kake gani yana shiga tashar Bur Sudan ke saurara. Na Amurka ne, guda talatin da ɗoriya, suna zagaya duniya a nisan kilomita 20,200 daga ƙasa, na'ura tana buƙatar ta jiyo aƙalla huɗu ta lissafa inda take, kuma a teku ba gini ba bishiya sau da yawa tana jiyo fiye da haka nesa ba kusa ba. Da can Amurka da gangan take gurɓata saƙon da farar hula ke samu, kuskuren ya kai mita ɗari, amma tun watan Mayun 2000 ta daina, yanzu ƙaramar na'ura ma tana nuna maka inda kake da kuskuren 'yan mitoci kawai. Ga kuma GLONASS na Rasha, Galileo na Turai, BeiDou na Sin da aka kammala a 2020, kuma yawancin wayoyin yanzu suna jiyo biyu ko uku daga ciki ko ma duka. Toh ashe kuɗin da mai shago ya faɗa maka ba na daidaito bane. Kuɗin sikirin ne mai haske da ake gani a tsakar rana, da jiki mai jure ruwan gishiri, da damar jona mata na'urar auna zurfi. Abubuwa ne masu kyau ban ce a'a ba, amma ita tana cin wutar batir mai bolt 12, kai kuma ba ka da injin da zai yi caji, kenan sai ka ƙara sayen batir, ka sayi sola, ka ja waya a jirgin katako da ruwa ke fantsama ciki kullum, bayan 'yan watanni gishiri ya cinye bakin wayoyin sun zama kore. Sannan ka tambaye shi ko da taswirar Bahar Maliya a ciki, sau da yawa katin taswirar daban ake sayar da shi, ba za a gaya maka ba sai ka gama biya.

Ita kuma waya matsalarta ba ta GPS bace, jikinta ne bai dace da teku ba. Zafin garinku na bazara in ka ajiye ta a rana za ta rubuta maka ta yi zafi ta dusashe sikirin ko ta kashe kanta. In ka ƙure hasken sikirin don ka gani, caji ya zube kafin azahar. Hannu jiƙe da ruwa da santsin kifi ba ya taɓa sikirin yadda ake so, ka danna nan ta buɗe can. In laima ta shiga ramin caja wasu wayoyin ƙin caji suke yi sai ya bushe, kuma daidai lokacin da iska ta taso ruwa ke dukan jirgi, lokacin da ka fi buƙatarta, lokacin ne duk waɗannan ke haɗuwa.

Shawarata ka raba aikin biyu. Ka nemi ƙaramar GPS ta hannu mai maɓallai, mai cin batir AA guda biyu irin na tocila, ita ce za ta zauna a wuyanka. Wayar kuma ta zauna cikin jakar roba mai hana ruwa, a inuwa, a kashe sikirin, sai za ka duba taswira ka ciro ta. A cikin na hannun Garmin ce ta cika kasuwa. Akwai GPS 73 wadda dama don jirgin ruwa aka yi ta, sikirin baƙi da fari, in ta faɗa ruwa tana tasowa, batir biyu na kai ta kamar awa 18, har da wani ɓangare a ciki na masu filafilai. Akwai eTrex 10 wadda ta fi araha, tana kai awa 25, amma ita nutsewa take yi, dole ka ɗaura mata igiya ka maƙala ɗan abu mai tasowa, ko murfin jarka ne. Akwai eTrex SE da ta zo bayanta, batir biyu na kai ta kwanaki. Sai GPSMAP 79 mai kala, kyakkyawa ce amma kuɗinta ya ninka, ba sai ita ba. Ko wacce iri ce ka duba a kwalin an rubuta IPX7, ma'anarsa za ta jure zama a ruwa mai zurfin mita ɗaya har minti 30. Abun da yasa nake nacewa a kan batir AA, ana samunsa a kowane kanti daga Bur Sudan har Sawakin, guda takwas a kwalbar roba mai murfi sun ishe ku kwana biyun ku har da saura, ba ruwanka da rana ta fito ko hadari ya rufe.

A wayar kuma, Google Maps ba taswirar ruwa bace, teku a wajenta shuɗi ne kawai ba zurfi ba dutse. Manhajar da 'yan jiragen shaƙatawa suka fi amfani da ita Navionics ce, tana da zurfi da fitilun teku da komai amma duk shekara ake sabunta kuɗinta kuma da kati ake biya. OpenCPN kyauta ce a kwamfuta, a Android ana biyan ɗan abu kaɗan, sai dai taswira kai za ka nemo ka zuba mata. OsmAnd ma tana da ɓangaren teku. Ko wacce ka ɗauka ka sauke taswirar yankinku tun kana gida inda akwai netwok, sannan ka sa wayar a yanayin jirgin sama ka fita tsakar gida ka gwada, in ɗigon ya nuna ka daidai kuma taswira ta buɗe toh shikenan za ta yi a teku. Wani abu da ku kuka fi mutane da yawa sa'a a kai, ruwanku garai-garai yake, hoton da tauraro ya ɗauka daga sama yana nuna duwatsun murjani ƙuru-ƙuru, wani lokacin ya fi taswirar da aka saya da kuɗi gaskiya. Ka zauna da shi da daddare ka ƙare wa hanyoyinku kallo.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. GPS tana gaya maka inda kake ne, ba ta san abun da ke ƙarƙashinka ba. Wannan aikin taswira ne, ita kuma taswira mutane ne suka auna, wasu tun zamanin da ake jefa igiya mai dalma don sanin zurfi. Bahar Maliya wani jami'in ruwa Bature Robert Moresby ne ya fara auna ta sosai wajajen 1829 zuwa 1833, an sake aune-aune bayansa musamman hanyoyin manyan jirage da bakin tashoshi, amma lungunan da masunta ke shiga ba kowanne aka koma wa da kayan zamani ba. Sai ka ga na'ura ta san inda kake da kuskuren mita biyar amma dutsen da aka zana a taswira ya goce daga inda yake da mita ɗaruruwa, sikirin na nuna maka kana tsakiyar ruwa mai zurfi, katako kuma na gurzar dutse. Kuma wannan bai bar masu kuɗi ba. A watan Nuwamban 2014 a gasar tseren jiragen filafilai ta zagaya duniya, jirgin Vestas Wind da kayan miliyoyi a cikinsa da ƙwararrun matuƙa ya hau kan duwatsun Cargados Carajos a tekun Indiya cikin dare da gudu, duwatsun suna cikin taswirarsu, amma sai an matso da hoton kusa suke fitowa sosai, su kuma daga nesa suke kallo. Allah ya kiyaye ba wanda ya mutu, jirgin dai ya ragargaje. Don haka duk hanyar da za ka bi ka matso da taswirar kusa ka bi ta da yatsa daga farko har ƙarshe kafin ka kwance igiya.

Idon Baba bai tashi aiki ba kenan. Shiga tsakanin duwatsu har gobe sai rana ta ɗaga kuma tana bayanka, mutum ɗaya a tsaye a goshin jirgi yana karanta launin ruwa, shuɗi mai duhu zurfi, kore mai haske yashi ne ba zurfi, ruwan ƙasa-ƙasa ko rawaya dutse ne ya kusa sama. Da sassafe ko la'asar sakaliya in rana na gabanka ruwan sheƙi kawai yake yi ba ka ganin komai.

Inda GPS ɗin ka za ta biya kuɗinta shi ne ka yi wa kanka taswira da ita. Duk na'urorin nan suna zana sawun inda ka bi, kuma suna da maɓallin MARK na ajiye wuri. Ranar da ruwa ya kwanta ka shiga marsa, wato lungun teku da jirgi ke fakewa a ciki, da rana tsaka da idonka a buɗe, na'urar na kunne, in ka fito ka adana sawun ka sa masa suna, gobe in hazo ko ƙura ta rufe ka sawunka na gaskiya ne za ka bi, wanda jirginka ya riga ya wuce ta kai lafiya. Kuma in akwai tsofaffin abokan Baba da ke da sauran ƙarfi, wallahi ka ɗauki ɗaya ku fita, ka yi masa shayi, duk inda yace nan akwai dutse a ƙasa, nan kifi ke taruwa in sanyi ya shigo, nan ake jefa anka ta kama, kai dai danna MARK ka rubuta suna. Abun da za ka tara a fita biyu uku ba kamfanin da ke sayar da shi. Ka kuma kwafe lambobin a littafi da fensir, biro in ya jiƙe malalewa yake yi.

Sai abun da ya shafi mai filafilai shi kaɗai, wanda mai inji ba ruwansa da shi. In ka ce wa na'ura ta kai ka wuri, kibiya za ta miƙe sak zuwa wurin, ita ba ta san iska ba kuma ba ta san akwai dutse a tsakani ba. A gaɓarku iska ta fi zuwa daga arewa, kenan dawowa daga Sawakin zuwa Bur Sudan gaba da gaba kuke yi da ita, sai dai ka karkata dama ka karkata hagu, kuma a wannan karkatar ne ake fita daga sawu a faɗa wa dutse. Saboda haka kar ka ajiye wurin zuwa kaɗai, ka ajiye wuraren haɗari ma a gefe da gefe da wata alama daban, ka san iyakar da in ka kai dole ka juya. A sikirin za ka ga SOG, gudunka ne a kan ƙasa. COG, inda jirgin ke tafiya da gaske, wanda ba lallai ya zama inda goshinsa ke kallo ba tunda iska da igiyar ruwa na ture ka gefe. In kana da VMG ka ciro shi gaba, shi ne ke nuna yadda kake matsowa kusa da inda za ka, wani lokacin za ka ga jirgi na gudu iska na daɗi amma lambar nan ƙarama ce, wato gudu kake yi ba gida kake nufa ba. Sannan in iska ta mutu kuna jan ciki, kibiyar za ta riƙa juye-juye kamar ta rikice, ba lalacewa ta yi ba, yawancinsu daga motsi suke gane gabas da yamma. Shi yasa kamfas na maganaɗisu dole ne, ko ƙarami, ka kafa shi nesa da ƙarfe da waya da rediyo.

Ƙarin dalilin kamfas da littafi, a 'yan shekarun nan manyan jirage suna ta kai rahoton ana toshe ko gurɓata saƙon GPS a sassan Bahar Maliya saboda rikice-rikicen yankin. Alamarsa za ka ga ɗigonka ya yi tsalle ya koma kan tudu, ko ta ce kana gudun da jirgin katako ba zai taɓa yi ba, kuma in hakan ta faru waya da ta hannun duk tare za su yi ƙarya tunda saƙo ɗaya suke ji. In kana rubuta lambar inda kake da lokaci duk bayan awa, kana da inda za ka kama. Kuma tunda ƙasar na cikin yaƙi tun Afrilun 2023, ka tambayi hukumar da ke ba ku izinin fita ko akwai sharaɗi kan riƙe irin na'urar, ka ajiye rasit, kar ka je kana danne-danne kusa da wurin sojoji. Canjin da ya rage daga kuɗin talabijin ɗin mai shago, fawa banki ɗaya da ƙaramin sola na cajin waya, sauran a sayi rigar ruwa mai hana nutsewa guda uku.

TAMBAYA, daga wata Hajiya a Yeji, Ghana: Malam ɗana ne ke tuƙa jirgi daga Yeji zuwa Makango da ƙauyukan bakin ruwa, kullum hankalina a tashe saboda kututturan da ke cikin ruwan. In na saya masa GPS zan riƙa ganin inda yake daga gida? kuma nawa ake biya duk wata?

AMSA: Hajiya ina gaisuwa, Allah ya tsare mana shi. Ba a biyan ko sisi, ba kati ba data. Amma ba za ki gan shi daga gida ba, don ita GPS kamar rediyonki take, saurare kawai take yi, gidan rediyo bai san wanda ya kunna ba. Kafin ki ga inda yake sai an sami abun da zai turo miki. Mafi sauƙi shi ne wayarsa, a WhatsApp akwai inda zai tura miki wurin da yake kai tsaye har na awa takwas, matuƙar akwai netwok. Akwai kuma 'yar na'urar bin sawu mai layin waya irin wadda ake sa wa babur, ita ma in netwok ya ɗauke ta yi shiru, kar hankalinki ya tashi. Masu aikawa ta tauraro irin su inReach suna aiki ko ina amma da tsada kuma su kam ana biya duk wata, ga mai ƙetare Yeji zuwa Makango inaga ɓarnar kuɗi ce. Masu karatunmu na tafkin Chadi kuma ku yi hattara da duk abun da ke aika saƙo ta tauraro, a 2013 sojoji sun taɓa haramta wayar Thuraya a Borno, ku tambaya kafin ku saya.

Maganar kututture kuwa gaskiyarki. Tafkin Volta daji ne da ruwa ya shanye bayan an gama madatsar Akosombo a 1965, bishiyoyin suna nan tsaye a ƙasa har yau, kuma ba taswirar waya da ta ƙirga su. Abun da GPS za ta yi masa shi ne ta riƙe masa sawun hanyar da ya saba bi lafiya, musamman lokacin hazo da ba a ganin ƙetare. Amma ki ce masa ya sa wa kowane sawu sunan wata, don ruwan na hawa yana sauka da mitoci tsakanin cikarsa da janyewarsa, hanyar da ya wuce sumul a Nuwamba kan iya zama kan kututture a Yuni. Kuma kuskuren mita biyar ɗin nan ya fi tazarar da ke tsakanin wasu kututturan, don haka yaron da ke zama a gaba yana nuna hanya da hannu kar a sallame shi, gudu kuma a rage.

TAMBAYA, daga wani masunci a Yauri: Mu muna da inji. Damuwarmu in mun zuba taru ko gura a tsakiyar ruwa, da hazo ya sauko sai mu yi ta yawo muna ƙona mai kafin mu gano wurin. An ce akwai mai nuna kifi ma, ita ce ta fi?

AMSA: Ɗan uwa don gano taru kawai, wayar hannunka cikin jakar roba ta isa, ka sauke manhajar da ke ajiye wuri ba tare da netwok ba, ka danna a daidai inda ka saki kan tarun, ka sake dannawa a ƙarshensa. Mai nuna kifin, wadda ta fi araha da aka sani ita ce Garmin Striker 4, tana da GPS tana ajiye wuri tana nuna zurfi da yanayin ƙasan ruwa, amma ba taswira a cikinta, farin fili ne da ɗigonka da alamominka. Ba ta da cin wuta sosai, batirin babur mai lafiya na riƙe ta yini. A ruwan Kainji ni zurfin ma ya fi burge ni a kan hoton kifin, don shi ne ke nuna maka tsohuwar hanyar kogi da inda yashi ya taru. In ku da yawa ne a kwata ɗaya ku haɗa kuɗi ku sayi ɗaya ku gani tukuna. Sai dai fa kar samun na'ura ya sa a fara tafiyar dare da fasinja, hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin Najeriya ta hana, kuma ku kun fi ni sanin abun da ya faru a Warrah a watan Mayun 2021, jirgin fasinjan nan da ya nutse ba ɓatan hanya ya yi ba, lodi ne ya fi ƙarfinsa.

TAMBAYA, daga Legas: Wani ya kawo min ta gwanjo rabin kuɗi, yace daga jirgin da aka farfasa aka ciro. In karɓa?

AMSA: Ta gwanjo ba laifi in ka duba da kyau. Fara buɗe gidan batir, in ka ga farin gari ko kore a jikin ƙarfen, batir ya taɓa fashewa a ciki, mayar masa. Duba robar da ta zagaye murfin, in ta tsage ko ta bushe ruwa zai shiga ko me aka rubuta a jiki. Sa sabon batir naka, ku fita fili ba cikin rumfar kasuwa ba, ka ba ta kamar minti goma sha biyar tunda ta daɗe a kashe, ka buɗe shafin da ke nuna taurari ka ga sandunan suna cika, sannan ka gwada lambarta da ta wayarka. Ka duba kwanan wata ma, don agogon GPS na ƙirga mako 1,024 ne ya koma sifili, ya koma a Afrilun 2019, wasu tsofaffin tun lokacin suke nuna shekarar da ba ita ba. In irin ta kafewa ce daga babban jirgi, tana da eriya daban mai kama da naman kaza da doguwar waya, in babu eriyar akwati kawai ka saya. Ta mota kar ka karɓa ko kyauta, titi take nema ta ɗora ka. Masu son tablet kuma, iPad ɗin da ba ya ɗaukar layi babu GPS a cikinsa sam, a lura.

TAMBAYA, daga Bol, Chadi: Abokina ya turo min lambar wurin da ya sami kifi, na shigar a tawa na je ban ga ko alamar da ya kafa ba. Ko tawa jabu ce?

AMSA: Da wuya. Na fi zaton rubutun lambar ne ya bambanta, don hanya uku ake rubuta ta kuma a ido duk kama suke. Ɗauki misali daga kusa da ku. 13° 27.50' daban, 13° 27' 50" daban, 13.2750° daban. Ta farko digiri ne da minti da ɓurɓushin minti, ta biyu digiri da minti da sakan, ta uku digiri ne zalla. Minti ɗaya daga kudu zuwa arewa mil ɗaya ne na teku, mita 1,852, toh tsakanin ta farko da ta biyu akwai sama da mita 600, tsakanin ta farko da ta uku kuwa kilomita 20 ne da 'yan kai. Google Maps ta fi ba da ta uku, na'urorin ruwa sun fi amfani da ta farko, shi yasa in an kwafo daga waya zuwa ta hannu ake samun wannan. Ku zauna tare da abokin naka ku shiga saitin na'urorin, inda aka rubuta Position Format ku zaɓi iri ɗaya, a ƙasansa inda aka rubuta Datum duk ku sa WGS 84, don tsofaffin taswirorin takarda na yankinmu wasu da wani ma'auni aka yi su, Najeriya Minna, Sudan Adindan, in wani ya taɓa canza saitin zuwa ɗaya daga ciki wurin zai goce. In kun gama ku ajiye na'urorin biyu gefe da gefe a bakin kwata ku karanta lambobin da ƙarfi, in sun yi daidai sai lambar ƙarshe kawai ke ɗan rawa toh lafiyarsu lau. Nan gaba kuma ka ce masa ya daina karanto maka a waya, ya ɗauki hoton sikirin ɗin ya turo.